Taken da Ban Busa wa Baba Ba

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, ni ne na ƙarshen zuwa. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta takardar nan ya ɗauka ɗan kirki ne ya rubuta ta. Wanda ya ba mu aron Baba ya karɓi kayansa ranar Talata da hantsi, mu ma hanyarmu ke nan. Ni kuwa ina can Itapagipe, wata unguwa a gefen Bahiya, garin nan na ƙetaren teku, ina busa wa masu biki. Tun da safe aka aiko mini cewa jiki ya yi tsanani, na ce wa ɗan aiken bari in gama. Kafin in gama sun gama.

Na iso sun riga sun dawo daga maƙabarta. Shagon askinsa, wanda ke tsakiyar gangaren da ke sauka zuwa Komersiyo, unguwar kasuwa ta bakin ruwa, a rufe yake, ban taɓa ganinsa a rufe da rana ba. 'Yan dako sun bar kayan jiragen ruwa sun hau sun zauna a kan matakala, kowa ya ɗora gammonsa a gwiwa. Mata masu suyar ƙosai a bakin titi sun kashe wutarsu. Wani tsohon Bafotigishe mai kantin igiyoyi yana tsaye yana shafa haɓarsa yana ta cewa shekara talatin ba wanda ya taɓa sa masa aska a wuya sai mutumin nan, yanzu wa zai yarda da shi? Mutanen ƙungiyarmu ta kiɗa suna jingine da bango hannu rabbana, ba begila ba ganga, sun rasa inda za su sa hannuwansu. Surukin Baba, mijin 'yarsa, wanda a nan Bahiya aka haife shi kuma shi ke buga mana babbar ganga, yana ta kuka kamar mace, ba ya ma ɓoyewa.

Kawu Liman, aminin Baba kuma abokin faɗansa, yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Ya ce wa masu zuwa gaisuwa, "Mutumin kirki ne. Allah ya yafe masa bushe-bushen nan." Sai muryarsa ta karye, ya yi kamar tari ne.

Yaya ne ya fara ganina. Ba uwarmu ɗaya ba, yayana ne a sana'a, Banago ne, wato Bayarabe, da ya riga ni shiga hannun Baba da shekara biyar. Ya dubi rigata mai maɓallan tagulla, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Sarkin busa ya sauka. Ku ba shi hanya, kada ƙura ta taɓa riga."

Na shiga ciki na durƙusa gaban Inna, matar Baba. Na so ta zage ni. Ta dube ni kawai ta ce, "Ɗan nan, ka ci abinci?" Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ban iya zama wuri ɗaya. Takardar nan ma a tsaye nake rubuta rabinta. In na ja layi uku sai in tashi in sauka bakin ruwa, in hau, in dawo. Masu iya karanta Hausa a garin nan ba su fi a ƙirga su da yatsu ba, yaranmu Nago suke ji da Fotigis, amma da harshen da Baba ya yi mini faɗa da shi nake so in ba da labarinsa.

Baba bai haife ni ba. Ina saurayi mai sabon gashin baki, shekara biyu da sauke ni daga jirgin bayi, wanda ya mallake ni ya kai ni shagon don in koyi aski. Shi Baba ya daɗe da samun 'yancinsa. Yana ta yi mini magana da Nago ina kallon ƙasa, sai na taka wani garwashi na ce "Wayyo Allah!" Ya ajiye aska. Ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya juya ya fuskanci bango ya ɗan jima, sannan ya juyo ya ce, "To tunda kana jin magana, ɗauki tsintsiya." Shi ne kuma daga baya ya yi ta kai da kawo har na samu takardar 'yancina. Ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba.

A garin nan wanzami shi ne makaɗi. In ana biki a ƙofar coci, ko ana ɗaurin aure, ko wani attajiri ya dawo daga tafiya, wanzamai ake kira su zo da begila da sarewa da gogen Turawa da ganga. Kowane babban shago da ƙungiyarsa. Amma sauran shagunan suna ba mutum abin busa ɗaya su ce ya riƙe har ya mutu. Baba bai yarda da haka ba. Ɗaliban likitanci da ke zuwa sayen matsattsaku a wurinsa suna tsokanarsa cewa ya buɗe tasa babbar makarantar, sai dai shi ba ya ba da takarda.

Da safe aski ne da ƙaho da cire haƙori. Kafin ka taɓa kan mutum sai ka yi wata uku kana wasa aska a kan fata, kuma ba yadda ka ga dama ba: ja uku dogaye, biyu gajeru, ka juya. In ka kauce ya buga maka mataji a bayan hannu. Bayan azahar Kawu Liman ya zo da alluna ya koya mana karatu, in ya tafi Baba ya ciro tsohuwar jarida ya sa mu haɗa baƙaƙen Turawa. Da la'asar kiɗa. Ya koyi rubutun kiɗa, layukan nan biyar masu ɗige-ɗige, a wurin wani tsohon mai busa wa soja da yake yi wa ƙaho, shi ma ya dage sai kowa ya iya karantawa ya iya kwafa. Ranar Asabar kuwa ake juyi: wanda ya yi mako yana busa ya koma ganga, mai ganga ya ɗauki goge, mai goge ya ɗauki sarewa. Makon juyi maƙwabta kan rufe tagoginsu.

Wani lokaci ana tsakiyar aiki sai ya ce mu rufe baki mu bi shi. Ya kai mu Komersiyo mu tsaya muna kallon 'yan dako shida sun ɗauki gangar kaya mai nauyi a kan sanda suna hawan tudu da waƙa. Ya ce, "Ku ji inda mai ba da waƙar yake shan iska. Ba inda ya ga dama ba ne, inda ƙafar hagu ta sauka ne." Ko ya kama hannunka ya ɗora a wuyan mai zazzaɓi ya ce ka ƙirga bugun jijiyarsa, gobe kuma ka zo ka gaya masa ko ta ragu. Yana yawan cewa wanda bai taɓa riƙe kan mutum a hannunsa ba, in ya tashi busa kansa kawai zai yi wa. A lokacin na ɗauka surutun tsufa ne.

Yana da halaye. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya barin a yi. Yana jin haushin mai fito. In mutum ya zo aski yana ƙarya, sai ya ƙara masa kumfar sabulu a baki. Shi da Kawu Liman kuwa ba Juma'ar da ba sa yi. Kawu zai zauna a kujera, an ɗaura masa ƙyalle, ya fara:

"Wanzam, jiya an ce an gan ka a ƙofar coci kana hura kumatu."

"An gan ni, Alaramma. Wanda ya gan ni me ya kai shi can?"

"Hanya ce ta bi da shi."

"To ni ma hanyar abinci ce ta bi da ni. Ban shiga ba, ban durƙusa ba. Sunkuyar da kai."

"Ranar lahira za ka yi bayani."

"Zan yi. Zan ce ina aske liman kyauta. Daina motsi kada in rage maka kunne."

Haka suke har a gama, sannan su ci goro ɗaya.

Ni Allah ya ba ni huhu, wannan ba yabon kai ba ne, shi ne ma asalin laifina. Baba ya gane tun da wuri. Ya sassaƙa wata algaita da hannunsa, irin ta gida, yana ajiye ta a naɗe cikin tsumma tare da wani ɗan kalangu a ƙarƙashin gado, don 'yan sanda ba sa son jin kiɗan Afirka a cikin gari. Ya zaunar da ni da ƙwaryar ruwa da tsinken kara, ya ce in yi ta hurawa kada kumfa ta yanke, ina shaƙar iska ta hanci ina turawa da kumatu. Kowa a shagon ya gwada. Yaya ya sha ruwa har ya ƙware. Ni kaɗai na iya. Sai ya koya mini wata busa a algaitar, gajeriya, mai komawa kanta, bai ce mini ko mece ce ba. Kullum in na busa sai ya ce, "Kai ɗan nan, wa ke bin ka? Rage gudu."

Amma ni begila nake so. In na ɗaga ta a dandalin da ke gaban fadar gari, mutane kan bar abin da suke yi. Na fara ganin ranar juyi a matsayin wulaƙanci. Me zai sa ni, da ake tafa wa, in koma ina bugun ganga a baya? Me zai sa in tsotsi jinin bayan ɗan dako da ƙaho da bakin da nake busa da shi? Na fara maƙalewa. In an ce aski in ce leɓena na ciwo, kamar da leɓe ake aski. Yaya kuwa yana yin komai, ba ya fice a komai, na sa masa suna mai rabin komai. Ya ji, ya ci gaba da aikinsa.

Wata Asabar Baba ya miƙo mini sandar ganga. Wani shugaban ƙungiyar mabusa masu kaki ya riga ya yi mini magana a asirce, don haka da ƙarfina na zo. Na ce ba zan karɓa ba.

Ya ce, "Hannunka ne ya karye?"

Na ce, "Baba, ni mabushi ne. Wannan tarkacen naka shi ya hana kowa a nan zama gwani. Mutum ya yi aski, ya yi likita, ya yi almajirci, ya yi kiɗa, a ƙarshe ba shi da ko ɗaya. Dubi Yaya."

Akwai mutum a kujera an aske masa rabin kai.

Baba ya ce, "Na dube shi. In na faɗi a nan yanzu, shi zai ƙarasa wa mutumin nan askinsa, ya kai ku biki gobe, ya kuma wanke ni. Kai me za ka yi?"

Na ce, "Zan busa."

Ya ce, "To je ka busa."

Ban tsaya nan ba, Allah ya yafe mini. Na ce algaitarsa ma kayan ƙauye ce, masu kaki sun gaya mini mabushin kirki ba ya kumbura kumatu kamar kwaɗo. Na ga maganar ta shige shi. Ya ɗauki askarsa ya ci gaba da aikin. Na fita.

Shekara shida ban taka gangaren ba. In hanya ta kama in bi ta can sai in zaga. Na sami rigar maɓallai, na sami tafi. Ina jin labarinsa a bakin mutane: idonsa ya fara rauni, Yaya ne ke yawancin askin, ɗalibai sun ragu don samarin yanzu sun fi son shagunan Turawa masu manyan madubai.

Haƙori ne ya mai da ni. Na gaba, na sama, wanda bakin begila ke zama a kansa. Ya kumbura har idona ya rufe. Na je wurin wani mai cire haƙori a birnin sama, can kan tudu, ya ce sai dai a fitar. In aka fitar kuwa busa ta ƙare. Na yi kwana uku ina zagaye gari da tsumma a fuska, rana ta huɗu ƙafata ta kai ni inda ta sani.

Yaya ya ce, "Lale. Yau kwaɗo ya zo da kumatunsa."

Baba ya ce masa ya yi shiru ya kawo ruwan zafi. Bai tambaye ni ina na shiga ba. Ya zaunar da ni, ya riƙe kaina a tafin hannunsa, ya lalubi dasashina da yatsa don idon ba ya gani sosai. Ya ce, "Ba na gaban ba ne. Na kusa da shi ne ya ruɓe yake zuga shi. Wannan abincinka ne, ba zan taɓa shi ba." Ya tsaga, ya matse, ya fitar da na gefen, ya cusa kanumfari. Ga haƙorin nan a bakina har yau.

Ina zaune bakina cike da auduga, ba ni da halin gardama, sai ya faɗa mini abin da yake so. Ya ce a garinsu kowace sana'a da takenta, maƙera da nasu, mahauta da nasu. In wanzami ya zare aska a taro, makaɗa kan kaɗa masa taken wanzamai, a yi masa kirari, kowa ya san wanda ya tsaya. Yana yaro ya ji an yi wa mahaifinsa. An kama shi kafin a taɓa yi masa. Ya ce, "Take kuwa mutum ba ya yi wa kansa. In ka kaɗa wa kanka, hauka ne. Sai dai a yi maka."

Ya ce shekara da shekaru yana raba taken a gidan nan. Ya ba Inna kirarin. Ya ba Yaya kiɗan kalangun. Jan askar nan da yake dukanmu a kai, uku dogaye biyu gajeru, shi ne ƙashin bayansa. Busar kuwa ita ce wadda ya koya mini a algaita, kuma ba mai numfashin ɗaukarta sai ni. Saura saukewar, yadda ake rufe shi, wadda bai ba kowa ba don a bakin algaita take.

Ya ce, "In bakin ya warke ka zo wata la'asar. Mu rufe ƙofa. In koya maka saukewar, in zare aska, ku yi mini sau ɗaya. Ba na son sau biyu."

Na gyaɗa kai. Wallahi a lokacin da gaske nake.

Bakin ya warke cikin kwana goma. Sai lokacin bukukuwa ya kama, na ce bayan biki. Bayan biki na ce sai ruwan sama ya ɗauke. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Ina tsoron wani daga cikin abokan aikina ya wuce ya ji ni ina busa abin da na taɓa zagi, ina kuma tsoron in zauna gaban Yaya in nuna na manta. Inna ta aiko mini sau biyu. Na biyun cewa ta yi a gaya mini Malam, wato Baba, ya sa an ciro algaitar an shafe ta da mai. Na ce a gaishe shi, ina nan tafe. Wata bakwai ina nan tafe. Aike na uku shi ne na ranar Talata.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira mu. Ta ɗauko zabirar Baba, da asake da ƙahonni da awartakin haƙori a ciki, ta ajiye gaban Yaya. Ba wanda ya yi mamaki. Sannan ta turo mini wani tsumma a naɗe. Ta ce, "Wannan ya ce naka ne. Ya ce ko ba ka zo ba a ba ka."

Na kai ta ɗakina ban kwance ba. Kwana biyu ina kewaya ta. Na je wurin Kawu Liman na tambaye shi ko ya halatta in je bakin kabari in busa. Ya ce in na kuskura zai sa a ɗaure ni. Ya ce, "Mamaci addu'a yake so. Lokacin da yake da kunne ina kake?" Na yi masa sallama na fita.

A kan hanyar dawowa ne abin ya faɗo mini. Take ba na Baba ba ne shi kaɗai, na mai riƙe da aska ne. Mai riƙe da aska kuwa yanzu shi ne mutumin da na kira mai rabin komai. In ba a yi masa ba, abin ya mutu a wannan gefen teku, kuma ni na kashe shi.

Na same shi yana shara a shagon da ke rufe. Na ce, "Yaya, ka koya mini wasa aska."

Ya ce, "Ni? Ai rabi na iya."

Na ce, "Rabin nake so."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙo fatar. Hannuna ya manta, na yi ja biyu na kauce. Ya waiwaya ya ɗauki matajin Baba ya sauke mini a bayan hannu, da ƙarfi fiye da yadda Baba ke yi. Ya ce, "Wannan na shekara shida ne. Sake."

Sati huɗu muna yi. Yaya ya koya wa surukin Baba kalangu, don shi ba zai kaɗa wa kansa ba. Surukin bai taɓa matse ganga a hammata ba, kullum sai ta zame masa. Inna tana zaune a bakin ƙofar ciki tana gyara mana. Ni kuma na koma kan ƙwaryar ruwa da tsinke kamar sabon shiga, don shekarun begila sun sa kumatuna sun yi tauri. Busar ta dawo da kaɗan-kaɗan. Na rubuta ta a layuka biyar yadda ya koya mini, don kada ta sake dogara da mutum irina. Amma in mun zo inda ya kamata a sauke, sai mu tsaya muna kallon juna. Na gwada ƙirƙiro wata saukewa tawa, mai daɗi ma. Inna ta ce, "A'a. Wannan taka ce." Na goge.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an raba sadaka, Yaya ya buɗe shago. Wanda ya fara shigowa Kawu Liman ne. Tun rasuwar bai bari kowa ya taɓa kansa ba, gashi ya fito masa fari fat kamar auduga. Ya zauna a kujera yana ƙunƙuni cewa Banago zai yanka shi. Yaya ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa sabulu, ya ja fata ya fara wasa aska. Uku dogaye, biyu gajeru. Surukin Baba ya tura ƙofa da ƙafa, ya ciro kalangu. Na kwance tsummana.

Kawu ya ce, "Kai! Me zan gani? Tarko kuka yi mini?"

Yaya ya ɗora aska a kan ƙeyarsa ya ce, "Alaramma, daina motsi kada in rage maka kunne."

Muka fara. Ni da na saba tsayawa a gaban jama'a, na tsaya a lungu bayan tulun ruwa, ina busa wa wani. Inna ta ɗaga murya daga bakin ƙofa tana kirarin, muryar tsohuwa, tana rawa, ta kira mai aska da sunayen da aka kira surukinta, mahaifin Baba, da ba ta taɓa gani ba. Na ga kafaɗun Yaya sun miƙe. Ba garinsu ba ne, ba harshensu ba ne, amma ya tsaya kamar yadda na san Baba ya so ya tsaya. Hawaye na zuba a kan kumatuna masu kumburi, ban iya sharewa ba don busar ba ta yankewa.

Kawu ya rufe ido. Garinsu da na Baba tafiyar yini ɗaya ce. Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Can sai ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Ni dai ban ji komai ba. Amma da a gida ne, da an ce wa mai algaitar nan ya rage gudu."

Na rage.

Muka yi ta zagayawa, mu kai ƙarshe mu koma farko, don ba mu san ƙofar fita ba. Da Yaya ya ja aska ta ƙarshe ya goge ta a tafin hannunsa, sai kawai muka tsaya a nan, a tsakiyar busa. Na matsa kusa da Kawu na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah, yaya ake sauke shi?"

Ya shafa kansa. Ya ce, "Ina yaro in an fara sai mahaifina ya ja hannuna mu bar wurin. Farkon kawai nake ji." Ya ce, "Shekara arba'in ina zaune a kujerar nan. Da na tambaye shi da ya gaya mini."

Na mayar wa masu kaki rigarsu ta maɓallai. Yanzu da safe ina shagon ina riƙe kawunan mutane, Asabar kuma in an yi juyi nakan karɓi sandar ganga. Ban zama mutumin kirki ba, har yanzu in Yaya ya gyara mini abu sai na ji zuciyata ta taso. Kuma har yanzu ban iya zama ba.

Ya Allah, bawanka ne da aka raba da garinsu bai raba kansa da kai ba. Ka yafe masa abin da Kawu ke tsoro, ka saka masa da abin da mu muka gani, ka sanyaya masa kabari kamar yadda ya sanyaya wa mutane ciwo. Ni kuma ka yafe mini la'asar ɗaya da na hana shi.

Takardar taken tana cikin zabira tare da asake. Duk wanda ya buɗe zai ga layuka biyar na ƙarshe babu ko ɗigo a kansu. Kada ya cike. Wurin Baba ne.